Babi na Shida: Ɗan Ƙarfen da Ake Cewa a Cire

"In aka cire shi, me zai faru?"

Duk wanda ya daɗe da mota ya taɓa yin wannan tambaya, ko an yi ta a gabansa. Mota ce take ƙwanƙwasa daga ƙasa, ƙwas-ƙwas-ƙwas, da zarar an hau gargada ko an faɗa ɗan rami. A kan kwalta mai laushi kuwa shiru kake ji. Ka kai ta gareji, yaron bakanike ya shimfiɗa kwali ya kutsa ƙarƙashi, ya kama wani siririn ƙarfe da tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya ba, ya jijjiga shi, ya leƙo ya ce, "Yallaɓai, linkej ne ya mutu." Ka tambayi kuɗin sabo a Ƙofar Ruwa ko Fanteka, ka ji yau aljihu ba zai ɗauka ba. Sai maigidan yaron ya tsoma baki: "A cire shi kawai, Alhaji. Motoci nawa ne ke yawo a garin nan ba shi?"

Bai yi ƙarya ba, amma bai gama magana ba. Mota za ta tashi, za ta tafi, ƙarar ma za ta ɗauke. Sai dai wannan ɗan ƙarfe da ake jefawa cikin tarkace a garejinmu, a garejin masu tseren mota sayen na musamman ake yi, wanda ake iya ƙara wa tsawo ko a rage, kuma mutum ya ɓata rabin yini yana juya shi milimita bayan milimita. Dole akwai abin da suka gani.

Sandar da ake murɗawa

A babin da ya gabata mun ga yadda sifirin ke ɗauke da nauyin mota. Matsalar sifirin ita ce ba ya bambance rami da kwana. In ka sa mai laushi don jin daɗin hanya, da ka karya kwana jikin motar zai kwanta gefe kamar kwale-kwalen da fasinjojinsa suka koma ɓangare guda. In ka sa mai tauri don hana kwanciyar, kowane dutse sai ka ji shi a ƙashin bayanka.

Maganin da aka samo shi ne sandar ƙarfe guda, wadda makanikai ke kira sitabilaiza. Ta ratsa motar daga hagu zuwa dama, an ɗaure tsakiyarta a jikin shasi da bushin roba biyu, sannan ƙarshenta biyu sun lanƙwaso kamar hannuwa, ɗaya ya nufi tayar hagu, ɗaya ta dama. Wani ɗan Kanada mai suna Stephen Coleman ne ya yi rajistar wannan dabara tun 1919.

Ɗauki tsumman wanki ka riƙe da hannu biyu. In ka juya hannuwan duka zuwa gefe guda, tsumman juyawa kawai yake, ba ya matsuwa. In ka juya ɗaya gaba ɗaya baya, nan take za ka ji yana gardama. Haka sitabilaiza take. Idan tayoyin biyu suka hau tudun rage gudu tare, sandar tana juyawa ne a cikin bushinta ba tare da ta yi aikin komai ba. A kwana kuwa tayar waje tana shigewa cikin jiki, ta ciki tana saukowa, sandar ta murɗe, ta yi ta faman komawa yadda take. Wannan gardamar ce ke tallabe jikin motar.

Ƙarfin sandar yana cikin kaurinta, kuma lissafinsa yana da ban mamaki. Sanda mai kauri milimita 22 ba da kashi goma cikin ɗari ta fi mai milimita 20 tauri ba, kusan kashi 46 ne, domin taurin yana tafiya ne da kaurin in an ninka shi da kansa har sau huɗu. Mai milimita 24 kuwa ta ninka mai 20 har da ɗan ɗoriya. Shi ya sa ɗebo sitabilaizar wata mota daga gwanjo a ɗora wa wata don "ai kusan ɗaya suke a ido" ba ƙaramin ganganci ba ne.

Ina linkej a ciki?

Hannun sitabilaiza yana motsi ne a da'ira ɗaya, ƙafar mota kuma tana hawa da sauka a wata da'irar daban. In an haɗa su kai-tsaye za su yi ta jayayya. Linkej shi ne ɗan aiken da ke tsakani: guntun ƙarfe mai gaɓa a kowane ƙarshe, ko dai ƙaramin boljoyin ko roba, ɗaya a kan hannun sandar, ɗaya a jikin shokozoba ko a kan hannun ƙasa na ƙafar.

Duk ƙarfin sandar ta nan yake bi. Idan linkej ɗaya ya karye ko aka cire shi, sandar gaba ɗaya ta tashi daga aiki, don babu sauran wanda za ta yi gardama da shi. Kuma tun da gaɓoɓinsa ƙanana ne, ga ruwa ga yashi ga ramuka, shi ne yawanci ke fara mutuwa a ƙafar mota. Robar da ke rufe gaɓar ta tsage, giris ya zube, ƙasa ta shiga, sai ƙwanƙwasa.

Ga wata 'yar dabara ga mai son dubawa da kansa. Kada ka ɗaga taya ɗaya da jak ka ce za ka jijjiga linkej, domin a lokacin sandar a murɗe take, ta ja shi tamau, mataccen ma zai yi maka kamar lafiyayye. Ko dai motar na tsaye a kan tayoyinta a fili mai daidai, ko an ɗaga tayoyin gaba biyun tare.

Nauyi ba ya ɓacewa

A nan ne yawancin mutane, har da masu sha'awar mota, suke kuskure. Ana zaton sitabilaiza tana rage nauyin da ke komawa kan tayoyin waje a kwana. Ba ta rage shi. Abubuwa huɗu ne ke yanke wannan hukunci: nauyin motar, nisan tsakiyar nauyinta daga ƙasa, tazarar da ke tsakanin tayar hagu da ta dama, da kuma zafin da aka shiga kwanar da shi.

Mu ƙaddara mota mai kilo 1,200, tsakiyar nauyinta na santimita 55 daga ƙasa, faɗin tayoyinta mita ɗaya da rabi. Idan aka sha kwana da zafi sosai, har ƙarfin da ke tura ta gefe ya kai kashi 80 cikin ɗari na nauyinta, wajen kilo 350 ne za su tashi daga tayoyin ciki su koma na waje. Ko ka sa sanda mai kaurin taɓarya, kilo 350 ɗin nan suna nan. Mai karatu zai iya lissafa wa kansa abin da ke faruwa da Golf ɗin haya da aka ɗaure wa buhuna a kan rufi.

Abin da sandar ke yi, ban da hana jikin kwanciya, shi ne rabo. Ita ce ke cewa nawa ne cikin wannan nauyi zai bi ta gaba, nawa zai bi ta baya. Ɓangaren da ya fi tauri shi ne ke kwasar kaso mafi girma.

To me ya sa rabon ke da muhimmanci? Saboda taya tana da halin ɗan dako. Ka ɗora masa buhu ɗaya ya tafi da sauri, ka ƙara masa na biyu ya ɗauka, amma aikin da zai yi maka bai ninka ba. Taya ma riƙonta da kwalta yana ƙaruwa in an ƙara mata nauyi, sai dai ƙarin riƙon bai kai ƙarin nauyin ba. Saboda haka tayoyi biyu masu ɗauke da kilo 300 kowacce sun fi riƙo a kan biyun da ɗaya ke ɗauke da 500 ɗaya 100. Duk ɓangaren da aka tilasta wa wannan rabon rashin adalci, shi ne zai fara sakin hanya.

Taurin kai da yarfa baya

Idan gaba ne ya fara saki, kana murza sitiyari amma mota na son wucewa miƙe. Mu kira shi taurin kai. Idan baya ne ya fara saki, gindin motar ne zai zame waje, ta nemi juyowa ta kalli inda ta fito. Wannan yarfa baya ke nan. Ƙa'idar masu saiti a taƙaice: ƙara taurin sandar gaba, ka ƙara taurin kai; ƙara taurin ta baya, ka matsa kusa da yarfa baya.

Kamfanonin mota da gangan suke saita motocin jama'a su karkata ga taurin kai, domin abin da direba ke yi in ya firgita, wato ɗaga ƙafa daga totur, shi ne maganinsa. Yarfa baya kuwa sai gwani, kuma ɗaga ƙafar nan ma ƙara tsananta shi take yi. Yanzu ka koma ga shawarar "a cire kawai." Wanda ya cire linkej ɗin gaba ya sassauta gaba, ya bar baya yadda yake, ya tura motar zuwa ɓangaren da ya fi wuyar sarrafawa, ga kuma jiki na kwanciya fiye da da. A cikin gari ba zai lura ba. Zai lura ne ranar da akuya ta faɗo titi yana kan kilomita 100 a hanyar Zariya, ya fizge sitiyari dama, ya fizgo shi hagu.

Amurkawa sun yi wannan rigima tun tuni. Motar Chevrolet Corvair da ta fito a 1960, mai inji a baya, ba a sa mata sitabilaizar gaba a matsayin kayan da kowa ke samu ba, don rage kuɗi. A 1965 lauya Ralph Nader ya fitar da littafinsa kan hatsarin motoci, ya buɗe shi da ita. Kamfanin ya riga ya sa sandar a samfurin 1964, kuma wani binciken gwamnati a 1972 ya ce motar ba ta fi takwarorinta hatsari ba, amma sunanta ya riga ya ɓaci.

In an ɗaga mota ko an sauke ta

Linkej ɗin da mota ta zo da shi tsawonsa ɗaya ne, an auna shi ne daidai da tsayin da kamfani ya ba motar. A wannan tsayi hannun sitabilaiza yakan kwanta kusan daidai da ƙasa, linkej kuma ya tsaya a kansa kusan a miƙe, gaɓoɓinsa suna tsakiyar iyakar motsinsu. Da ka taɓa tsayin motar, wannan tsari ya rushe.

A Turai da Japan matasa sauke mota suke yi ta kusa shafar ƙasa. Mu nan hanyarmu ta sa ɗagawa muke yi, kuma ni ma na taɓa yi. Wata damina, saboda hanyar ƙauyenmu, na sa aka cusa wa motata zoben ƙari a saman shokozoba, ta tashi da kamar santimita uku. Ta daina gugar ƙasa, na yi murna. Daga nan sai linkej ya zama kamar kuɗin haya: sau uku na saya a cikin shekara guda, ina ta zagin masu kayan jabu. Sai wani dattijon bakanike ya sa na durƙusa na leƙa da kaina. Ya haska da fitilar waya. Hannun sandar ya sunkuyo ƙasa, kan boljoyin ɗin ya karkace har wuyansa na gab da taɓa bakin kwanonsa, motar kuwa a tsaye take ba ta ko motsa ba. A jikin sandar ga wani tabo na sheƙi inda take gugar wani ƙarfen in an faɗa rami. Ya ce, "Malam, ba kayan ne ba su da kyau ba. Kai ne ka ƙara wa motar tsawo ka bar mata wandon da."

Wannan shi ne dalili na farko na linkej mai saiti. Jikinsa kashi uku ne: gaɓa a sama, gaɓa a ƙasa, da bututu a tsakiya mai zaren dama a ƙarshe ɗaya, zaren hagu a ɗayan. In ka juya bututun gefe guda ya ƙara tsawo, in ka juya ɗaya gefen ya gajarce, ba sai ka kwance komai ba. Sai noti biyu na kulle shi. Ko tsawo za a ƙara ko ragewa za a yi, ya danganta da inda linkej ɗin ya kama a irin motarka. Manufar dai ɗaya ce, a mai da hannun sandar mazauninsa na asali.

Teburin mai shayi

Dalili na biyu ya fi na farko zurfi, kuma shi ne abin da masu tsere ke ɓata rabin yini a kai.

Murhu mai duwatsu uku ba ya rawa, ko ƙasa ba daidai take ba. Tebur mai ƙafa huɗu kuwa, in ƙafa ɗaya ta gaza da ƙanƙanin abu, nauyinsa kan koma kan ƙafafu biyu masu kallon juna a kusurwa, shi ya sa mai shayi ke naɗe kwali ya cusa. Mota tebur ce mai ƙafa huɗu, sai dai sifirin yana ɓoye rawar. Ido ba ya gani, amma tayar gaba ta hagu da ta baya ta dama suna iya ɗauke da nauyin da ya fi na sauran biyun.

Masu saiti suna ɗora kowace taya a kan sikelinta, su zaunar da direba ko nauyi daidai da nasa a kujerarsa, su yi ta gyaran tsayin sifirin har jimillar kusurwa ɗaya ta yi daidai da ta ɗayar, hamsin da hamsin. Motar da aka saita haka halinta ɗaya ne a kwanar hagu da ta dama. Masu tseren NASCAR a Amurka, da yake a yawancin filayensu hagu kawai suke juyawa, da gangan suke karkatar da wannan rabo.

Kafin a fara wannan awo sai an cire linkej ɗaya, domin sandar ta daina sa baki. Bayan an gama, ka zo mai da shi, sau da yawa za ka tarar ramin sandar da kan linkej ɗin sun saɓa da 'yan milimitoci. Mai linkej na kamfani ba shi da zaɓi sai ya sa ƙarfe ya danno sandar da ƙarfin tsiya. Ya ɗaure ta ke nan a murɗe, tana tura taya ɗaya ƙasa tana jan ɗaya sama alhali motar na tafiya a miƙe, ya ɓata duk awon da ya yi. Mai linkej na saiti kuwa juya bututun zai yi a hankali har kan ya zura cikin ramin da yatsu biyu, ba tilas.

Aikin linkej mai saiti ke nan gaba ɗaya: ya bar sandar ta huta in mota na miƙe, don ta fara aiki daga sifili ko wace kwana aka shiga. Motar gida ma tana iya shiga wannan hali ba tare da an je filin tsere ba, in sifirin ɗin gefe ɗaya ya gaji, ko sandar ta ɗan lanƙwashe a wani tsohon karo.

Abin da ba ya yi

Masu talla kan sa mutum ya zaci ƙara wa linkej tsawo ko rage shi yana ƙara wa sitabilaiza tauri. In akwai bambanci ɗan kaɗan ne, daga canjin kusurwa. Mai neman tauri sai ya canza kaurin sanda, ko ya sayi sandar da aka huda wa ramuka biyu ko uku a hannunta. Kowa ya san bakanike kan zura faifu a kan sifana in noti ya ƙi kwantuwa, domin dogon hannu ya fi sauƙin murɗa abu. Haka nan ramin da ke can ƙarshen hannun yana ba taya sauƙin murɗa sandar, wato laushi. Ramin ciki kuwa tauri. Duk sanda aka sauya rami, sai a sake daidaita tsawon linkej.

In za a ɗaura, a ɗaura motar na tsaye a kan tayoyinta, ko a kan rami ko a kan tudun hawa, ba tana lilo a jak ba. A fara saita gefe ɗaya a kulle, a daidaita ɗayan da shi. A bar zare mai yawa a cikin bututun, aƙalla tsawon da ya kai kaurin zaren har da rabi, kada a warware shi sai 'yan layuka ke riƙe da mota. A karya sitiyari har ƙarshe hagu da dama a duba ba ya taɓa tiyon birki ko shaf. Bayan 'yan kwanaki a sake taɓa notin kulle, don shi ne ke fara kwancewa.

Sai zaɓin gaɓa. Na tsere suna zuwa da ƙwallon ƙarfe tsirara ba robar rufi, ba ya wasa ko kaɗan, shi ya sa ake son sa a filin tsere. Amma a ƙasar da hunturu ke cusa ƙura har cikin kwanon abinci, irin wannan gaɓa ba ta jimawa za ta fara ƙara. Ga motar hawa kullum, a nemi mai saiti wanda gaɓarsa ke rufe da roba. Kuma in motarka na kan tsayinta na kamfani, ba ka sake mata komai ba, ni ban ga abin da zai kai ka ga mai saiti ba. Linkej na asali mai kyau, guda biyu tare, ya wadatar.

Inda cirewa ke da hujja

Bakaniken da ya ce a cire yana da abokan ra'ayi a wuri ɗaya: daji. A kan duwatsu da kwazazzabai ana son taya ɗaya ta hau can sama ɗaya ta sauka can ƙasa, duka suna taɓa ƙasa, sandar kuwa abin da aka ƙera ta ta hana ke nan. Jeep Wrangler Rubicon tana da maɓallin da ke raba sandar gaba in ana tafiya a hankali, kuma da gudu ya ƙaru sai ta haɗe kanta. Toyota ta sa wa wasu Land Cruiser da Prado tsarin KDSS mai aiki da mai, wanda ke sakin sandunan a gargada ya kama su a kwana. Citroën ta bi ta wata hanyar a 1994 da Xantia Activa, inda silindar mai ke tura sandar har jikin motar ya kusan daina kwanciya. Jeep da Toyota sun yarda a saki sandar a daji, amma ba wadda ta yarda a hau babban titi da ita a sake.

Sitabilaiza da sifirin suna faɗin iyakar kwanciyar da mota za ta yi. Ba su da ta cewa kan saurin da za ta kwanta da shi, ko sau nawa za ta yi lilo kafin ta natsu. Wannan aikin shokozoba ne, kuma a babi na gaba za mu yanka guda mu ga abin da man da ke cikinsa yake yi.